Yadda Masana Ke Tsara Binciken Ƙananan Halittun Hanji Da Dabbobin Gwaji

A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai tarin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Mafi yawansu bakteriya ne, akwai kuma dangin funfuna da bairos. Wani lissafi da masana na Cibiyar Weizmann suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kuma kusan dukkansu a babban hanji suke zaune. Waɗannan halittu suna narkar da ɓangaren abincin da jiki ba ya iya narkarwa da kansa, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna horar da garkuwar jiki, suna kuma tare wa ƙwayoyin cuta wurin zama.

Tun da Amurka ta ƙaddamar da babban shirinta na nazarin waɗannan halittu a 2007, labarai suka yawaita cewa suna da hannu a ƙiba, da ciwon sukari, da tamowa, da ciwon daji. Kaso mai yawa na waɗannan labarai daga gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye ya fito. Don haka wanda ke son sanin nauyin da zai ba irin wannan labari yana bukatar ya fahimci yadda ake tsara gwajin, da wuraren da kuskure ke kutsawa.

Dalilin amfani da dabbobi

Idan aka auna kashin masu wata cuta aka ga bakteriyarsu ta bambanta da ta masu lafiya, abin da aka gano kawai shi ne abubuwan biyu suna tafiya tare. Ba a san wanne ya haifi wanne ba. Mai yiwuwa bakteriyar ce ta jawo cutar. Mai yiwuwa kuma cutar ce, ko maganin da majinyaci ke sha, ko abincin da ya koma ci, suka sauya bakteriyar. Warware wannan yana bukatar a sauya abu ɗaya tak a bar sauran yadda suke, kuma ba a iya yi wa mutane haka. Ba wanda zai yarda a killace shi shekara guda a kan abinci iri ɗaya, balle a ɗura masa bakteriyar da ake zargin tana kawo cuta.

Ɓera ya dace da wannan aiki saboda dalilai sanannu. Cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, ana yaye 'ya'yansa bayan mako uku, kiwonsa ba shi da tsada sosai, kuma akwai zuriyoyin da aka daɗe ana haɗa 'yan uwa da 'yan uwa har suka zama kusan abu ɗaya ta fuskar gado. Mafi shahara cikinsu ita ce zuriyar C57BL/6. Ana kuma amfani da wasu dabbobin gwargwadon tambayar: ƙudan 'ya'yan itatuwa da wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane don gwaji mai sauri da araha, sannan 'ya'yan alade, saboda tsarin hanjinsu ya fi na ɓera kusanci da na mutum.

Taƙaitaccen tarihi

A 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya yi hasashen cewa dabba ba za ta iya rayuwa ba tare da ƙananan halittu ba. Bayan shekara goma, a 1895, George Nuttall da Hans Thierfelder suka ciro ɗan ɓeran Masar ta hanyar tiyata a birnin Berlin, suka rene shi na 'yan kwanaki a wurin da babu bakteriya ko ɗaya. A shekarun 1940 James Reyniers da abokan aikinsa a Jami'ar Notre Dame ta Amurka suka yi nasarar kiwon manyan ɓeraye marasa bakteriya a cikin tankunan ƙarfe, Bengt Gustafsson ma ya yi irin wannan aiki a ƙasar Suwidin. A ƙarshen shekarun 1950 Philip Trexler ya ƙirƙiro tantin leda mai laushi, wanda ya sauƙaƙa aikin ya kuma rage tsadarsa. Ta haka aka tabbatar cewa dabba tana iya rayuwa ba tare da bakteriya ba, sai dai jikinta ba ya zama daidai da na sauran 'yan uwanta.

Matakin farko: tambaya, sannan zaɓen dabba

Kyakkyawan bincike yana farawa da tambaya guda da aka rubuta kafin a sayi ko ɓera ɗaya: me za a sauya, me za a auna, yaushe za a auna shi, kuma wane sakamako ne zai nuna hasashen bai tabbata ba. Tambayar ce ke zaɓar irin dabbar da za a yi amfani da ita, kuma akwai manyan rukunai biyar.

Na farko shi ne ɓeran ɗakin gwaji da aka saba da shi, wanda aka tabbatar ba ya ɗauke da wasu sanannun ƙwayoyin cuta. Wannan tabbaci ya tsaya ne ga abin da ɓeran ba ya ɗauke da shi. Bai faɗi komai game da ɗaruruwan nau'o'in bakteriyar da ke cikinsa ba.

Na biyu shi ne ɓera marar bakteriya kwata-kwata, wanda ke rayuwa cikin tanti, iskarsa a tace, abincinsa da ruwansa a turare da zafi. Amfaninsa shi ne za a iya ɗura masa bakteriyar da ake so a ga abin da za ta yi. Aibinsa shi ne garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, kuma jakar da ke mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba tana kumbura fiye da ƙima.

Na uku shi ne ɓeran da aka ba wasu ƙidayayyun nau'o'in bakteriya da aka sani. Russell Schaedler ya fara wannan a 1965, aka kuma gyara haɗin nasa a 1978 ya koma nau'i takwas. Irin wannan ɓera yana ba da sakamako mai sauƙin maimaitawa, amma nau'i takwas ba za su tsaya a madadin ɗaruruwa ba.

Na huɗu shi ne ɓeran da aka ba magungunan kashe bakteriya a ruwan sha. Hanya ce mai araha, sai dai ba ta share hanji kakaf, kuma magungunan suna taɓa jikin dabbar kai tsaye. Ɗaya daga cikinsu, metronidazole, yana da ɗaci har ɓera kan ƙi shan ruwa ya rame, mai binciken da bai lura ba kuma ya ɗora alhakin ramar a kan bakteriya.

Na biyar shi ne ɓera marar bakteriya da aka ɗura masa kashin mutum, don a ga ko halin mai kashin zai biyo shi.

Inda aka sayo ɓeran

Darasi mafi girma a wannan fage ya fito ne daga ɗakin gwajin Dan Littman a Jami'ar New York. Ivaylo Ivanov ya lura cewa ɓerayen C57BL/6 da aka sayo daga kamfanin Taconic suna da wasu sojojin garkuwar jiki da ake kira Th17 masu yawa a hanjinsu, alhali 'yan zuriyarsu da aka sayo daga Jackson Laboratory ba su da su sai kaɗan. A 2009 suka wallafa dalili: wata bakteriya mai siffar zare mai gaɓa-gaɓa tana cikin ɓerayen kamfanin farko, babu ita a na biyu.

A 2015 ɗakin gwajin Thomas Gajewski a Jami'ar Chicago ya ga makamancin haka a ciwon daji na fata. Ƙarin ya fi saurin girma a ɓerayen Taconic fiye da na Jackson, kuma da aka haɗa su keji ɗaya bambancin ya gushe. Sun danganta wannan da bakteriyar Bifidobacterium. Ke nan ɗakunan gwaji biyu suna iya yin aiki iri ɗaya da zuriya ɗaya su sami sakamako mabambanta, ba don wani ya yi maguɗi ba. Saboda haka mai tsara bincike yakan sayi dukkan dabbobinsa daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ya rubuta har ɗakin da aka rene su, ya ba su wasu makonni su saba da sabon wuri, sannan ya ɗauki samfurin kashinsu kafin a fara komai.

Keji da uwa

Ɓeraye suna cin kashin junansu. Ɗabi'arsu ce, kuma tana sa waɗanda ke keji ɗaya su koma da bakteriya kusan iri ɗaya cikin ɗan lokaci. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, a nan kuwa maganar ta tabbata a zahiri. Idan mai bincike ya zuba ɓeraye biyar masu shan magani a keji ɗaya, biyar marasa sha a wani, duk bambancin da ya gani yana iya zama na keji ne, ba na magani ba. A lissafi keji biyu yake da su, ba dabbobi goma ba. Maganin wannan shi ne a rarraba kowane rukuni zuwa kejuna da yawa, misali ɓeraye 20 a keji goma, bibbiyu, a kuma ɗauki keji a matsayin abin ƙirgawa wajen ƙididdiga. Ba a cika ware ɓera shi kaɗai ba, domin kaɗaici yana takura shi, takurar kuma tana taɓa sakamako.

Uwa ma tana da nata tasiri, domin daga gare ta jariri ke samun bakteriyarsa ta farko. Idan aka cire wa wata zuriya wata ƙwayar gado aka yi ta kiwonta daban shekara da shekaru, bakteriyarta za ta iya bambanta da ta sauran ɓeraye saboda rabuwar gida kawai. An sha danganta irin wannan bambanci da ƙwayar gadon, daga baya aka gano daga iyaye mata ya samo asali. Hanyar da aka amince da ita ita ce a haɗa iyayen da za su haifi iri biyun a ciki ɗaya, a kwatanta ɗan uwa da ɗan uwansa da suka sha nono ɗaya.

Abinci, ruwa da muhalli

Abinci yana sauya bakteriyar hanji cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Abincin ɓeraye na kasuwa haɗin hatsi ne da waken suya, kuma abin da ke cikinsa kan bambanta daga wannan buhu zuwa wancan. Akwai kuma tataccen abinci da ake haɗawa da sinadarai ƙidayayyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba rukuni ɗaya tataccen abinci mai yawan maiƙo, a bar ɗaya a kan abincin hatsi, sannan a ce maiƙo ne ya kawo bambanci. Alhali abincin biyu sun bambanta ƙwarai a yawan dusa, wato ɓangaren tsirrai da ba ya narkewa, wanda shi ne abincin bakteriya.

Erica da Justin Sonnenburg na Jami'ar Stanford sun nuna girman wannan lamari a 2016. Sun ciyar da ɓeraye masu ɗauke da bakteriyar mutum abinci mai ƙarancin dusa har tsawon zuriya huɗu. Kowace zuriya ta rasa ƙarin nau'o'in bakteriya, kuma daga ƙarshe mayar da dusa cikin abinci kaɗai bai dawo da yawancin waɗanda suka ɓace ba.

Ruwan sha ma abin rubutawa ne, domin wasu cibiyoyi suna sa masa sinadari mai tsami, wasu kulorin, wasu tafasa shi suke yi. Haka shimfiɗar keji, ko garin katako ce ko totuwar masara, tunda ɓeraye suna ɗan cin ta. Ana ajiye ɗakunan ɓeraye a ma'aunin zafi 20 zuwa 24 galibi, alhali jikin ɓera ya fi sakewa a wajen 30, don haka yana ƙona abinci da yawa don ɗumama kansa. Lokacin ɗaukar samfuri shi ma yana da tasiri: ɗakin gwajin Eran Elinav ya nuna a 2014 cewa yawan wasu bakteriya yana hawa da sauka tsakanin dare da rana, bisa lokacin cin abinci. Ɓera da dare yake kiwo, don haka samfurin asuba da na la'asar ba ɗaya ba ne.

Jinsi, shekaru da adadi

An daɗe ana fifita ɓeraye maza a gwaji, har hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sharɗanta daga 2016 cewa masu neman kuɗinta su yi la'akari da jinsi. A 2013 ɗakin gwajin Jayne Danska a birnin Toronto ya nuna dalili. A wata zuriya mai saurin kamuwa da ciwon sukari nau'i na ɗaya, mata sun fi maza kamuwa, amma idan aka rene su ba bakteriya bambancin yakan ɓace. Da aka ɗura wa ƙananan mata bakteriyar manyan maza, sai suka sami kariya. Shekaru ma haka suke, domin bakteriyar ɓera tana sauyawa sosai a lokacin yaye, ba ta daidaita sai bayan wasu makonni.

Adadin dabbobi kuwa da lissafi ake fitar da shi tun farko, bisa girman bambancin da ake tsammani da kuma yadda sakamako ke warwatsuwa. Dabbobi kaɗan ba sa ba da amsa, an yi asarar rayukansu a banza. Dabbobi fiye da bukata kuma ɓarna ce. Ana rarraba su cikin rukunai ta hanyar ƙuri'a, ana kuma ɓoye wa mai aunawa rukunin da kowace dabba take, don kada zuciyarsa ta karkata ga abin da yake fata.

Daga samfuri zuwa sakamako

Kashi ya fi sauƙin samu, kuma ana iya ɗaukarsa sau da yawa ba tare da kashe dabba ba, amma ba ya nuna abin da ke ƙaramin hanji ko abin da ke manne da bangon hanji. Ana daskarar da samfuri nan take a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. A wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa, wajibi ne a tanadi janareta ko sinadarin adana samfuri tun a cikin kasafin kuɗin aikin.

Hanyar da aka fi bi wajen gane bakteriya ita ce karanta wata ƙwayar gado mai suna 16S, wadda kowace bakteriya ke da ita da ɗan bambanci. Tana da araha amma ba ta cika rarrabe nau'o'i makusanta ba. Karanta dukkan DNA da ke cikin samfurin ya fi tsada, ya kuma fi ba da bayani. A 2014 Susannah Salter da abokan aikinta a Ingila suka nuna cewa kayan aikin ciro DNA su kansu suna ɗauke da burbushin bakteriya, shi ya sa ake haɗa kwalaben da ba komai a ciki a bi da su duk matakan da aka bi da samfuri.

Akwai kuma wani tarko da kowane ɗan kasuwa zai gane. Waɗannan hanyoyi kaso suke bayarwa, ba jimilla ba. Mai shago da ke da buhun shinkafa 50 da na sukari 50, idan ya sayar da shinkafa 25, kason sukari a shagonsa ya tashi daga rabi zuwa biyu bisa uku, alhali bai ƙaro buhu ko ɗaya ba. Haka rahoton da ya ce wata bakteriya ta ƙaru yana iya nufin maƙwabtanta ne suka ragu, sai idan an auna jimillar bakteriyar daban.

Haƙƙin dabba

A 1959 William Russell da Rex Burch na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da duniya ke bi har yau: a musanya dabba da wata hanya idan akwai, a rage adadin da ake amfani da shi, a kuma kyautata hanyar aiki don rage wahala. Kwamitin ɗa'a na jami'a ko cibiya ne ke duba tsarin kafin a fara, yana tambayar yadda za a rage raɗaɗi da kuma matakin da za a tsayar da gwaji idan dabba ta jigata. Akwai kuma ƙa'idojin rubuta rahoto da ake kira ARRIVE, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, masu neman a bayyana zuriya, jinsi, abinci, keji da yadda aka yi rabo. Idan kashin mutum za a yi amfani da shi, sai da yardar mai shi ko ta iyayensa.

Iyakar abin da ɓera ke iya faɗa

Hanjin ɓera ya bambanta da na mutum a siffa, kuma ba dukkan bakteriyar mutum ke iya zama a cikinsa ba. A 2020 Jens Walter da abokan aikinsa suka bibiyi bincike 38 da aka ɗura wa ɓeraye kashin majinyata, suka ga 36 sun ce alamun cutar sun biyo kashin. Suka yi gargaɗin cewa wannan nasara ta wuce abin da hankali zai ɗauka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne amfani da kashin mutum biyu ko uku a ɓeraye da yawa, sannan a ƙirga ɓerayen maimakon mutanen.

Tsabtar ɗakin gwaji ma matsala ce. A 2016 masana a Jami'ar Minnesota suka nuna cewa garkuwar ɓeran gwaji ta fi kama da ta jariri sabuwar haihuwa, sai da aka haɗa shi da ɓerayen shagunan dabbobi ta koma kama da ta babban mutum. A 2019 Stephan Rosshart da Barbara Rehermann suka dasa tayin ɓeran gwaji a mahaifar ɓeran daji. 'Ya'yan da aka haifa sun nuna gazawar magunguna biyu da suka yi nasara a ɓerayen gwaji amma suka faɗi a jikin mutane.

Inda kyakkyawan tsari ya kai

Aikin Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis misali ne na binciken da ya bi matakai daki-daki. A 2013 ɗakinsa ya wallafa nazarin tagwaye 317 a ƙasar Malawi, inda a wasu gidaje ɗaya ya kamu da kwashoko ɗaya bai kamu ba. Da aka ɗura wa ɓeraye bakteriyar yaran masu cutar aka kuma ciyar da su abinci irin na yankin, sai suka rame ƙwarai. Haɗuwar abincin da bakteriyar ce ta jawo ramar. Daga nan, tare da cibiyar icddr,b ta birnin Dhaka, suka gwada nau'o'in abinci a ɓeraye, sannan a 'ya'yan alade, har suka fitar da haɗin gyaɗa, waken suya, ɗanyar ayaba da wani wake na ƙasashen Asiya. A 2021 aka wallafa gwajinsa a yara 123 'yan wata 12 zuwa 18 masu tamowa a Bangladesh, kuma waɗanda suka ci shi sun fi masu cin abincin da aka saba bayarwa samun ƙaruwar nauyi. Shekara takwas ke tsakanin rahoton Malawi da wannan sakamako, kuma tamowa ba baƙuwa ba ce a arewacin Najeriya da Nijar.

Mai karatu da ya ci karo da labarin sabon bincike, ko tallar maganin da aka ce yana gyara bakteriyar hanji, yana iya yin tambayoyi kaɗan. A dabba aka yi gwajin ko a mutum? Keji nawa, kuma kashin mutum nawa? Abincin rukunan iri ɗaya ne in ban da abin da ake gwadawa? Wani ɗakin gwaji daban ya maimaita aikin ya sami sakamako guda? Binciken da ya tsaya a ɓera ya nuna hanyar da za a bi ne kawai, kuma ba a gina shawarar magani a kansa sai an gwada abin a jikin mutane.